Giga 256, 512 ko tera 1? Muhawarar masu ɗaukar biki kan laftof

Ɗan Auta Ringim: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu a nan Ringim da ƙauyukan gefe. Har yanzu a waya nake yanka aikin da manhajar CapCut, ita kuma ta gaji, da an ɗan ja lokaci sai ta ɗau zafi ta tsaya cak. Na haɗa 'yan kuɗi zan sayi laftof ta hannu. Mai shago a Kano ya turo min guda biyu kusan kuɗi ɗaya: ta farko ram (ƙwaƙwalwar aiki) giga 16 da ma'ajin SSD giga 256, ta biyu ram giga 8 da ma'ajin had-dis tera 1. Raina ya fi kwantawa da mai terar, don na ga cikinta ya ninka na ɗayar sau huɗu. Me kuka gani?

Sadaukin Gaya: Wa alaikumus salam. Ɗauki mai tera kawai, bidiyo ba ya son ƙunci.

Injiniya Gumel: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Sadauki, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Had-dis faifai ne yake juyawa a ciki, na laftof yawanci zagaye 5,400 a minti, da ɗan hannu mai bin samansa yana karantawa. In ya yi ƙoƙari ya ba ka mega 100 a daƙiƙa. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai arahar ma yana kai wa mega 500 da ɗoriya, irin wanda ake kira NVMe kuwa yana haura mega 3,000. Wanda zai rubuta takarda ba ruwansa da wannan bambanci. Kai da za ka riƙa jan bidiyo gaba da baya kana neman inda amarya ta shigo, a kan had-dis za ka ga hoton yana sarƙewa, murya ta wuce, hoto na baya. Abin da ya kore ka daga waya shi za ka tarar.

Sai dai ita ma 256 ɗin ban ce ka rungume ta ido rufe ba. Da wace kyamara kake ɗauka, kuma biki ɗaya awa nawa kake dawowa da shi gida?

Ɗan Auta Ringim: Injiniya, Allah ya ƙara girma. Wani lokaci waya, wani lokaci ina hayar kyamara a wurin wani yayanmu. A ingancin hoto na 1080 nake ɗauka. In an haɗa kamu da ɗaurin aure da yini da kai amarya, ba a rasa awa 5.

Injiniya Gumel: To mu yi lissafi a fili kowa ya gani. Kyamarar da ke ɗaukar 1080 a kan megabit 50 a daƙiƙa, raba 50 gida 8, don megabit 8 ne mega ɗaya, ka samu mega 6 da kwata kowace daƙiƙa. A awa ɗaya giga 22 da rabi ke nan. Awa 5 ɗinka sun tashi giga 112. In ranar nan wani ango ya ce shi 4K yake so, wanda ya fi 1080 inganci, a megabit 100, awa ɗaya giga 45 ce, bikin gaba ɗaya 225.

Yanzu koma kan laftof. Wadda aka rubuta wa 256, in ka buɗe Windows 238 za ta nuna maka. Ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, Windows da 1,024. Haka 512 take fitowa 476, tera 1 kuma 931. A cikin 238 ɗin, Windows da manhajojin aikinka za su kwashe kamar 50 zuwa 60. SSD kuma ba a so a cika shi maƙil, ana barin kashi 15 ko 20 cikin ɗari, in ba haka ba sai ya yi nauyi. Abin da ya rage maka na aiki wajen 140 ne. Biki ɗaya ya shiga, da kyar. Ba mu sa fim ɗin da za ka fitar a ƙarshe ba, ba mu sa tarkacen da manhajar ke tarawa a ɓoye ba. In 512 ce, bayan an cire duk wannan kana da wajen 340, biki uku a jere.

Sadaukin Gaya: Ka ga ni ai. Kai da bakinka ka ce 256 biki ɗaya take ɗauka. Gabanin azumi ko bayan kaka, Juma'a da Asabar da Lahadi duk ɗaurin aure ne. Ya ce wa ango na biyu ya ɗaga bikinsa sai ya gama gogewa?

Baba Mai Hoto Kazaure: Yara, ku saurara. Na fara sana'ar nan tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, hoto 36 ne a nadi ɗaya, in ya ƙare ya ƙare. Abin da na lura da ku shi ne kuna so ku zuba komai wuri ɗaya. Turmi ba rumbu ba ne. Damin da za a sussuka yau shi ake kawowa bakin turmi, sauran yana rumbu. Cikin laftof na aikin da ke hannunka ne wannan makon. Wanda aka gama, aka biya, ya koma had-dis na waje. Duk wanda ya mai da laftof ɗinsa ma'ajiyar bikin shekara uku, ko tera 4 ka ba shi zai cika ta ya dawo yana kuka.

Ɗana na Ringim, ni da zan zaɓa maka, mai ram 16 ɗin za ka ɗauka, ka nemi a canza mata SSD zuwa 512, sannan ka sayi na waje tera 1 ko 2.

Ɗan Auta Ringim: Baba, na gode, Allah ya ja kwana. Ana iya canzawa ashe? Na ɗauka yadda ta zo haka za ta mutu.

Injiniya Gumel: Tambayar da ya kamata ka fara yi wa mai shago ke nan, kafin ma kuɗi. Mafi yawan laftof ɗin ofis da ake kawowa na hannu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, ana kwance bayansu a zare SSD a sa wani. Kala biyu ne. Akwai mai faɗi na inci 2.5, girmansa ɗaya da had-dis ɗin laftof. Akwai siriri da ake kira M.2, tsawonsa santimita 8, noti ɗaya ke riƙe shi. Shi siririn ma ya rabu biyu, SATA da NVMe, kuma ba kowace laftof ce ke karɓar duka biyun ba, don haka a gwada a gabanka ka ga ta tashi.

Waɗanda za ka guje wa su ne 'yan sirara masu sheƙi da ke zuwa da giga 32 ko 64 na wani ƙaramin ma'aji da ake kira eMMC. Wannan a jikin allon da ke cikin na'urar aka liƙe shi, ba ya fita. Windows 11 kaɗai ƙa'idarta giga 64 ce mafi ƙaranci, to ina bidiyo zai zauna?

Tunda an zo nan, ka duba furosesa ma, wato injin da ke sarrafa aikin laftof ɗin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 a hukumance daga furosesar Intel ƙarni na 8 take farawa. Wannan wata maganar ce, na dai faɗa don kada a lallaɓa maka tsohuwa.

Ɗan Birni: Duk wannan kwance-kwancen na mene ne? Ya tara kuɗi ya sayi MacBook ya huta. Sauran kaya ya tura Google Drive. Duniya ta wuce yawo da had-dis a jaka.

Anti Mai Zane Birnin Kudu: Ɗan Birni, daga ina kake rubutu? 😂 Google giga 15 take bayarwa kyauta, kuma a ciki har da Gmail da hotunanka. Bikin yaron nan ɗaya ya ninka haka sau bakwai. Ka ce ya biya a ƙara masa, to, da wane sabis zai tura? Mu nan sai na fito tsakar gida na ɗaga waya sama kafin katin gayyata ya tafi.

Injiniya Gumel: Anti ta gama magana, bari in sa mata lamba. Giga 100 a kan layin da ke turawa da megabit 5, in bai yanke ko sau ɗaya ba, awa 44 ne da ɗoriya. Kuɗin datar kuma sai ya cinye ribar aikin. MacBook na'ura ce mai kyau, ban musa ba, amma na yanzu masu furosesa M1 zuwa sama ma'ajinsu a liƙe yake. Ka sayi 256, kai da 256 har ku rabu. Wanda zai saye ta dole ya yanke shawarar girman tun ranar farko.

Ɗan Birni: Na ji ta sabis. Amma fim ɗin ƙarshe da aka matse, giga 2 ko 3, ai ana iya tura shi in an shigo gari. Ko gobara aka yi yana nan.

Injiniya Gumel: Wannan kam gaskiyarka ce. Na ƙarshen a tura, ɗanyen a bar shi a ƙasa.

Anti Mai Zane Birnin Kudu: Ni bari in yi magana don masu irin aikina, kada su karanta lissafin Injiniya su tsorata. Katin biki, fasta, bana, kalanda, sitikar da ake liƙa wa robobin rabo, duk da CorelDRAW da Photoshop nake yi. Laftof ɗina 256 ce kuma ba ta taɓa matsa min ba. Katin gayyata 'yan mega ne. Abin da ke da nauyi sai babbar bana ta kamfen mai hotuna da yawa, ita ce za ka ga fayil ɗin Photoshop ya haura mega 500. Abu ɗaya na sani, Photoshop yana aron fili a cikin SSD yana aiki da shi, in wurin ya cika sai ya ƙi buɗe komai, ya ce ba shi da wurin shimfiɗa. Don haka ba na bari ta sauka ƙasa da giga 40 a sake. Mai zane, 256 ta ishe shi in yana da tsafta. Mai bidiyo ne abin tausayi.

Malam na Situdiyo Haɗeja: Haka mu ma masu murya. Ina ɗaukar tafsirin azumi da waƙoƙin ɗaliban Islamiyya da tallan 'yan kasuwa da ake sawa a lasifika ranar kasuwa. Murya mai inganci, wadda ba a matse ba, a tsarin WAV na kilohaz 48 da bit 24, awa ɗaya kamar giga 1 ce. Tafsirin wata guda, awa biyu kullum, giga 60. In na mai da shi MP3 a 128 don a zuba wa mutane a memori, watan gaba ɗaya bai kai giga 4 ba. Inda masu kiɗa ke shan wahala shi ne tarin sautukan kayan kiɗa da suke saukewa, waɗannan kan ci gomman giga. Wanda murya zalla yake ɗauka ba shi da matsala.

Baba Mai Hoto Kazaure: Hoto ma a tsakiya yake. Kyamara mai megafiksel 24, in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto, kowane ɗaya wajen mega 25 ne, JPEG kuwa bai fi 8 ko 10 ba. Ranar hawan sallah yaro zai danna dubu bai sani ba, giga 25 ke nan a RAW. A ciki waɗanda za a wanke ba su kai ɗari ba. Sauran doki ya juya baya, ko ƙura ta rufe, ko kan wani ya shigo. Ku koyi gogewa a daren da kuka dawo.

Sadaukin Gaya: Baba, a nan kuma ni ba na goge komai. An taɓa dawo min bayan shekaru, mahaifin ango ya rasu, suna neman ko ina da inda ya fito a bidiyon ɗaurin aure. A fim ɗin da na ba su daƙiƙa kaɗan ya fito. A ɗanyen kuwa na same shi zaune yana raba goro yana dariya, kusan minti uku. Da na goge fa?

Baba Mai Hoto Kazaure: Allah ya jiƙansa. Wannan ka yi abin kirki. Amma wa ya biya kuɗin had-dis ɗin da ya riƙe shi duk shekarun nan? Kai. In za ka ajiye, ka sa shi cikin kuɗin aiki tun farko, ka gaya musu.

Sadaukin Gaya: Mutanenmu da ke neman ragi a kan kuɗin mai? Sai dai in yi don Allah.

Anti Mai Zane Birnin Kudu: Ni wani gefen nake kallo, kuma ku maza ba ku cika tunaninsa ba. Bidiyon kamu da sa lalle na cikin gida ne. Mata sun saki jiki, ba mayafi, ana rawa, don an ce musu mai ɗauka amintacce ne. Sai laftof ta lalace, ka kai wa mai gyara da bikin gida goma a cikinta, ka tafi ka bar ta kwana biyu, yaran shago suna buɗe abin da suka ga dama. Gobe a ga 'yar mutane a TikTok, aure ya shiga rigima. In kayan mutane suna na waje a kulle a akwati, laftof ɗin ko wa ka ba ba abin da zai gani. Injiniya ban da kai fa 🙏

Injiniya Gumel: Anti, ko da ni ɗin, gaskiya kika faɗa. Ni kaina nakan ce wa mai kaya ya tsaya in zare SSD ɗinsa in ba shi ya tafi da shi, in matsalar ta allo ce ko ta caji. Haka in za ka sayar da laftof, gogewa da hannu ba ta isa ba, a yi mata wankin gaba ɗaya.

Ummi 'Yar Poli: Don Allah tambaya daga gefe. Na ga ana tallan SSD na waje tera 2 a intanet, kuɗinsa bai kai na filash mai kyau ba. In saya?

Injiniya Gumel: Ƙanwata, kada ki soma. An kawo min irinsa, na fasa kwanson, ɗan memori ne ƙarami a ciki an manna shi da gam, an sa ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. An yi masa dabara ne ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya. Za ki ga yana karɓar kaya, sunayen fayil duk suna nan, ranar da kika zo buɗewa babu komai. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, tana cika na'urar taf sannan ta karanta ta gaya miki ainihin abin da ta riƙe. Tana ɗaukar awanni a kan babba, amma gara haka da bikin mutane. Na hannu kuma, ko had-dis ko SSD, a sa masa CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyarsa da awa nawa ya yi yana aiki. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, a mayar wa mai shi.

Ummi 'Yar Poli: Araha ba ta ado ke nan. Na gode Yaya.

Ɗan Auta Ringim: To na wajen, had-dis zan saya ko shi ma SSD? Don a babur nake yawo, hanyoyinmu kuma kun san su, balle da damina.

Injiniya Gumel: Wanda zai zauna a gida, had-dis, shi ya fi araha a kowace giga. Ka sayi ƙaramin da ke shan wuta daga jikin laftof, ba babban da sai an jona shi a bango ba, don in inji ya mutu ko aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ana iya asarar abin da ke ciki. Kada ka motsa shi yana aiki, kada ka ɗora shi a gefen katifa inda yaro zai ja kebul. Faɗuwa ɗaya yana juyawa ta isa. Wanda zai hau babur da kai kuwa SSD ne, shi girgiza ba ta dame shi. Illarsa, in zai mutu ba ya sallama. Had-dis yakan fara ƙara ko nauyi ka farga, SSD sai dai ka wayi gari ba ya nan, kuma ceto kaya daga cikinsa ya fi wuya.

Shi ya sa duk aikin da ba a miƙa ba ya zama yana wuri biyu. Kada ka goge memorin kyamara sai ka ga bikin a laftof da kuma na waje, ka buɗe ka tabbatar yana tafiya.

Ka kuma lura da ramin da kake jonawa. USB 2 a aikace mega 30 da wani abu yake ja, giga 100 kusan awa guda. USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, da had-dis zai kwashe shi a ƙasa da minti 20. Mai aiki da batirin sola ya san darajar minti 40.

Malam na Situdiyo Haɗeja: Ƙarin bayani kan miƙa aiki, don na ga yana ba yara wahala. Kastoma zai kawo filash giga 32 babu komai a ciki, ka tura fim mai giga 6 ya ƙi shiga. Ba lalacewa ya yi ba, tsarin FAT32 ne ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. In ka mai da shi exFAT zai shiga, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, sai a kira ka a ce ka ba su filash ɗin banza. Abin da ya fi sauƙi, ka raba fim ɗin, kamu daban, ɗaurin aure daban, kowanne ƙasa da giga 4. Su ma sun fi son haka, mata su kalli nasu, maza su kalli nasu.

Sadaukin Gaya: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan ɗanyen aiki, ba na gogewa. Amma na sauka daga kan had-dis a cikin laftof. Tawa shi ne a ciki, kuma kullum sai na kunna ta na je na yi alwala na dawo kafin ta gama tashi.

Injiniya Gumel: Kawo ta a sa mata SSD, shi kuma tera ɗin a saya masa kwanso ya koma na waje. In tsohuwa ce mai wurin faifan DVD, akwai ma abin da ake sakawa a gurbin ya riƙe had-dis na biyu, ka samu duka biyun a ciki.

Ɗan Auta Ringim: Na yi magana da mai shagon yanzu. Ya ce mai ram 16 ɗin siririn SSD gare ta, rami ɗaya ne, kuma tana karɓar NVMe. Zai sa min 512 in ƙara kuɗi, in kuma na bar masa na 256 ɗin zai rage min wani abu. Kuɗin na waje ne ba su cika ba, sai bayan bikin da zan ɗauka a Taura.

Injiniya Gumel: Kada ka bar masa. Ragin da zai yi maka bai kai amfaninsa ba. Sayi kwanson M.2 mai USB 3, ka tabbatar irin wanda ya dace da shi ne, SATA ko NVMe, ka zura shi a ciki. Ka samu na hawa babur ke nan, kuma bikin Taura zai zauna wuri biyu kafin ka sayi babban. Sabon 512 ɗin a buɗe kwalinsa a gabanka, in na hannu ne a nuna maka lafiyarsa a allo. Kuma ya sa maka Windows da CapCut ya gama duk sabuntawa a kan intanet ɗin shagonsa kafin ka hau mota, don in ka bari sai ka koma Ringim datarka ce za ta tafi.